Yadda Ake Tara Kan Sarki da Wasiƙun Zamanin Yaƙi a Gwanjo

Akwai wata 'yar ambulan a cikin kayana da ba ta cika tafin hannu ba, kuma babu kan sarki a jikinta ko ɗaya. A samanta an rubuta "On Active Service" da fensir, wato mai wasiƙar yana bakin daga. Daga dama akwai hatimin gidan wayar soja, lamba ce kawai babu sunan gari, shekarar 1915. A ƙasa ga jan hatimi mai kusurwa uku na mai tace wasiƙu, da sa hannun hafsan da ya karanta ta kafin a liƙe. Kuɗin da na saye ta bai taka kara ya karya ba, amma ita ta koya mini harkar nan. Komai na jikinta yana gaskata ɗan'uwansa: sojan Birtaniya a lokacin ba ya biyan kuɗin aika wasiƙa gida, shi ya sa babu kan sarki, an ɓoye sunan gari don kada abokan gaba su san inda runduna take, hatimi mai kusurwa uku kuwa shi ake amfani da shi a yawancin wannan shekara, kafin a sauya shi da mai kusurwa shida. Wanda zai shiga gwanjon irin waɗannan kaya, wannan daidaituwa ita ce abin da yake biyan kuɗi a kanta.

Ka fara da zaɓen fage guda

Yaƙe-yaƙen da suka bar wasiƙu suna da yawa, aljihu kuwa ɗaya ne. A Yaƙin Duniya na Biyu kaɗai, wasiƙun sojan Jamus, waɗanda ake kira Feldpost, sun kai biliyoyi. Wanda ya ce zai tara komai, ƙarshenta zai tara tarkace. Ka zaɓi yaƙi ɗaya, ko ma fage ɗaya a cikin yaƙin, ko kuma nau'in wasiƙa ɗaya da za ka bi diddiginsa.

Idan kana son tsohon abu mai labari, ga ƙawanyar da sojan Furusiya, wata daula ta Jamusawa, suka yi wa birnin Faris daga Satumba 1870 zuwa Janairu 1871, lokacin da aka riƙa fitar da wasiƙu cikin balan-balan. Ga kuma ƙawanyar Mafeking a Afirka ta Kudu, kwana 217, daga Oktoba 1899 zuwa 17 ga Mayu 1900, inda aka yi kan sarki a cikin garin ta hanyar wanke hoto a shuɗiyar takarda: na peni ɗaya yana ɗauke da yaro ɗan aike a kan keke, na peni uku kuma da fuskar Baden-Powell, kwamandan sojan Birtaniya a garin. Idan Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, akwai kan sarkin ƙasashen da Jamus ta mallaka, masu hoton jirgin ruwan Kaiza, sarkin Jamus, waɗanda abokan gabar Jamus suka kama suka buga sabon rubutu a kansu: "G.R.I." a Samowa da Sabuwar Gini a 1914, "Anglo-French Occupation" a Togo a wannan shekarar, "C.E.F." a Kamaru a 1915. Da yawa daga cikin waɗannan suna da tsada, kuma a nan masu jabu suka fi yin sansani.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da abin da ke da yawa kuma da araha: wasiƙun fursunonin yaƙi, wasiƙun da aka tace, katin da sojan Birtaniya ke aikawa daga rami wanda an riga an buga jimloli a jikinsa, shi dai ya soke waɗanda ba su dace da halinsa ba, kuma an gargaɗe shi cewa in ya ƙara ko kalma ɗaya za a yaga katin. Akwai kuma wasiƙun da ake ɗauka a hoto a ƙaramin fim don rage wa jirgin sama nauyi, a wanke su a can ƙasar da za su: Birtaniya ta fara nata, Airgraph, daga Alƙahira a 1941, Amurka ta biyo da V-Mail a 1942. Da irin waɗannan ake horar da ido, kuma in an yi kuskure asarar ba ta hana barci.

Kan sarki tsura, ko yana jikin ambulan?

Wannan tambaya ka warware ta tun da wuri, don ita za ta nuna inda kuɗinka zai tafi. Ni ina bayan ambulan, kuma ga dalilina. A tsibirin Guernsey, bayan Jamus ta mamaye shi a 1940, kan sarkin peni ɗaya ya ƙare. Daga ƙarshen Disamba 1940 zuwa Fabrairu 1941 aka yarda a yanka na peni biyu gida biyu ta kusurwa, kowane ɓari ya zama peni ɗaya. To, ɓarin kan sarki shi kaɗai mene ne? Kowa da almakashi zai iya yin sa yau. Darajarsa ba ta tabbata sai yana liƙe a ambulan, hatimin Guernsey ya hau rabi a kansa rabi a kan takarda, da kwanan watan da ya faɗa cikin waɗancan makonni.

Amma ko a cikin ambulan akwai daraja hawa-hawa. Hafsoshi da 'yan kasuwa na wancan zamanin ba su jahilci abin da ke da riba ba. Da an fito da sabon bugu sai su jera kan sarki goma sha a kan ambulan ɗaya, su kai gidan waya a doka hatimi, su aika wa kansu. Irin wannan ba jabu ba ce, sai dai an shirya ta ne don masu tarawa, kuma ana gane ta da tsabtarta da kuma kuɗin da ya ninka abin da ake bukata. Wasiƙar da aka aika don bukata, da kan sarki ɗaya ko biyu daidai kuɗin aikawa, da lanƙwasa da ɗan datti, ita masana suka fi nema.

Koyi karanta ambulan

A nan za ka daɗe, kuma ya kamata ka daɗe. Abu uku ake auna kowace ambulan da su: kwanan wata, kuɗin aikawa, da hanyar da ta bi. In ɗaya ya saɓa wa sauran biyun, ka tsaya.

Mu ɗauki wasiƙar balan-balan ta Faris. Balan-balan na farko, mai suna Neptune, ya tashi ranar 23 ga Satumba 1870, na ƙarshe ranar 28 ga Janairu 1871, kuma tsakaninsu sama da sittin ne suka tashi. Doka ta ce kada wasiƙa ta wuce giram 4, shi ya sa takardar take shara-shara, kuma kuɗinta zuwa cikin Faransa santim 20 ne. A gaba akan rubuta ko a buga "Par ballon monté", wato ta balan-balan mai matuƙi. Wannan rubutu shi kaɗai ba hujja ba ce. Ka duba hatimin Faris a gaba, ka ga ranar da aka jefa ta. Ka juya baya, ka ga hatimin garin da ta sauka da ranarsa. Da waɗannan ranaku biyu ake komawa jadawalin tashin balan-balan a gano wanne ya ɗauke ta. Wani lokaci ranakun sun dace da guda ɗaya tak, wani lokaci da biyu ko uku. Bambancin kuɗi a nan yake. Wanda ake kira Ville d'Orléans, alal misali, iska ta kwashe shi a ƙarshen Nuwamba 1870 har ƙasar Nowe, don haka wasiƙar da aka tabbatar ta bi shi ba sa'ar sauran ba ce. Idan kundin gwanjo ya ambaci sunan balan-balan amma bai nuna hoton bayan ambulan ba, ka nemi hoton. In babu hatimin sauka, sunan hasashe ne kawai.

Haka ake yi da Feldpost na Yaƙin Duniya na Biyu. Kowace ƙungiyar soja tana da lamba mai alƙaluma biyar a madadin adireshi. In harafin L ya zo a gaba sojan sama ne, in M ne sojan ruwa. An wallafa jerin waɗannan lambobi bayan yaƙi. Wasiƙa biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, amma lambar ɗaya ta nuna rundunar da aka yi wa ƙawanya a Stalingrad, kwanan watanta kuma ya faɗa tsakanin 23 ga Nuwamba 1942 da 2 ga Fabrairu 1943. Wannan ta fito daga cikin ƙawanyar ta jirgin sama, waccan kuwa daga wani bariki ne a bayan fage. Sojan Amurka ma lambobi suke da su, na APO, wato gidan wayar soja, kuma lamba takan bi runduna daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka sai an haɗa ta da wata da shekara kafin a ce ga inda aka rubuta wasiƙar.

Kuɗin aikawa ma yana magana. Yarjejeniyar Hague ta 1907 da ta Jeniba ta 1929 sun yafe wa fursunonin yaƙi kuɗin wasiƙa. Saboda haka in ka ga katin fursuna da kan sarki mai tsada a kai, tambayi kanka me ya kawo shi. Wataƙila kuɗin jirgin sama ne aka ƙara, wanda shi ba a yafe ba. Wataƙila kuma wani ne ya liƙa shi shekara hamsin bayan yaƙi don ya ɗaga farashi.

Hanya kuwa, wani sa'in a ɓoye take. A Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Birtaniya ba su da izinin rubuta wa 'yan'uwansu kai tsaye a ƙasashen da Jamus ta mamaye, sai aka buɗe ƙofa ta hannun kamfanin Thomas Cook, da akwatin gidan waya mai lamba 506 a Lisbon. Wanda bai sani ba zai ga ambulan zuwa Fotugal ya wuce. Wanda ya sani zai duba ko an liƙa sabon adireshi a kai, ya kuma nemi tef ɗin masu tacewa na ɓangarorin biyu, na Jamus da na Birtaniya, a gefe da gefe. Irin wannan sani shi ne ribar mai ƙaramin ƙarfi a gwanjo, don a cikin tarin kaya da ba a baje su ɗaya-ɗaya ba ake tsintar su.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Hantsaki mai faɗin baki marar kaifi, don kada gumin yatsa ya taɓa kan sarki. Gilashin ƙara girma mai ninki goma. Ma'aunin haƙoran kan sarki. Fitilar da ke ba da hasken ultrabayolet, wadda ke tona gyara da sabuwar takarda. Da 'yar rula mai rabin milimita. Sai kundin farashi na ƙasar da ka zaɓa: Stanley Gibbons ga Birtaniya da ƙasashen da ta mallaka, Michel ga Jamus, Yvert ga Faransa, Scott ga Amurka. Ka riƙe cewa farashin kundi mizani ne na kwatanta wannan da wancan, ba abin da ake biya ba ne. Akwai kuma ƙungiyoyin masu wannan sha'awa, kamar Forces Postal History Society a Birtaniya da Military Postal History Society a Amurka. Mujallunsu sun fi kowane kundi zurfi a kan hatimai.

Jabu

Bugun da aka yi a kan tsohon kan sarki shi ne mafi sauƙin kwaikwaya a duk wannan fanni. Dalili a fili yake. Kan sarkin da ke ƙarƙashin bugun na gaskiya ne kuma yana da araha. Abin da ya mai da shi mai tsada haruffa uku ne ko huɗu, waɗanda tun asali a ƙaramar maɗaba'a aka buga su cikin gaggawa, da haruffan da suka ci suka tsufa. Mai jabu ba ya bukatar komai sai tawada da haƙuri.

Na ɗanɗana. A farkon shigata na ga kan sarkin Kamaru mai "C.E.F.", na babban kuɗi, a hannun wani mai sayarwa a intanet, a kusan sulusin abin da ya saba fita. Hoton ƙarami ne, bayanin layi biyu. Na ce na yi tsintuwa. Da ya iso na aika wa masana, bayan wata biyu ya dawo da hukunci: kan sarkin na gaskiya ne, bugun na jabu. Suka nuna mini cewa tawadar ta hau kan hatimin gidan waya maimakon ta kasance a ƙarƙashinsa, wato an doka hatimin kafin a yi bugun, abin da ba zai yiwu ba. Da na sa gilashi na gani da idona, ɓaro-ɓaro. Mai sayarwar kuwa ya riga ya rufe shafinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ga abin da nake yi yanzu. Ina fara duba wanne ke sama, bugu ko hatimi. Ina auna tsawon rubutun da tazarar layuka da rula, in kwatanta da abin da kundi ya faɗa, don rabin milimita kan raba gaskiya da ƙarya. Ina juya kan sarkin in ga ko haruffa sun ɗan lotsa takarda ta baya, yadda bugun dalma yake yi. A ambulan kuma ina duba ko hatimi ya ɗaure kan sarki da takarda ba tare da tsinkewa ba, ko kuwa an ƙarasa da'irar da alƙalami.

Duk da haka, idonka ba zai wadatar ba, nawa ma haka. Abin da ya wuce kuɗin da za ka iya yafewa, kada ka saya sai da takardar shaida ta masana. Ga kayan Birtaniya akwai kwamitin masana na Royal Philatelic Society a Landan da kuma BPA. Ga na Jamus akwai ƙungiyar masu tantancewa ta BPP, inda kowane masani yake da ɗan fagensa. A Amurka akwai Philatelic Foundation. Takardar shaida mai hoto ta kwanan nan ta fi tsohuwar daraja, don ilimi yana ƙaruwa kuma an sha soke tsohon hukunci. Masanan Jamus sukan kuma doka ɗan hatimin sunansu a bayan kan sarki, kuma wurin da suka sa shi yana da ma'ana: in ya ɗaga sama daga gindi, alama ce kan sarkin yana da aibi. Sai dai shi kansa wannan hatimi ana kwaikwayonsa.

Wani abin dariya: akwai jabun da ya fi na gaskiya tsada. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu hukumar leƙen asirin Amurka ta OSS ta buga kwaikwayon kan sarkin Hitila na feni 6 da 12, don ta cusa takardun farfaganda cikin gidan wayar Jamus, har da wani da aka mai da fuskarsa ƙoƙon kai aka rubuta "Futsches Reich", wato rusasshiyar daula. Yau masu tarawa na nemansu ido rufe, shi ya sa kasuwa ta cika da jabun jabu.

Gidan gwanjo da kundinsa

Manyan gidajen da suka saba da wannan kaya sanannu ne: Spink da Grosvenor a Landan, Cavendish a Derby, Heinrich Köhler a Wiesbaden, Christoph Gärtner kusa da Stuttgart, Corinphila a Zurik, David Feldman a Jeniba, Siegel a Amurka. Kusan duka suna sa kundinsu a intanet makonni kafin ranar, kuma suna barin sakamakon gwanjon baya a buɗe. Wannan sakamako shi ne makarantarka. Kafin ka taya komai, ka bi gwanjo biyu ko uku da ido kawai: ka rubuta abin da kake zaton kowane kaya zai fita, sannan ka kwatanta da abin da ya fita.

Ka karanta sharuɗɗan sayarwa, waɗancan shafuka masu ƙananan haruffa da kowa ke tsallakewa. Abu huɗu kake nema: la'adar da mai saye zai biya, kwana nawa aka ba ka ka biya, a wane hali ake karɓar kaya in an mayar, da yadda ake neman ƙarin lokaci don a kai kaya wurin masana. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci. A gidaje da yawa, in kana son a ɗaura cinikin a kan hukuncin masana, dole ka faɗa a rubuce kafin gwanjo. In ka bari sai bayan guduma ta sauka, ka makara. Kuma kusan ko'ina, kayan da aka sayar a dunƙule, kwali ko kundi guda, ba a mayar da su.

Bayanin kaya yana da nasa yare. Tauraro biyu na nufin danƙon baya bai taɓu ba. Tauraro ɗaya, an taɓa liƙa shi a kundi. Tauraro cikin baka, babu danƙo. Kalmar "ex" kafin suna tana nufin ya fito daga tarin wani sanannen mai tarawa, abin da ke ƙara nutsuwa amma ba ya maye gurbin shaida. Ka fi kula da abin da ba a faɗa ba. In an yabi launi da hatimi aka yi shiru a kan baya, ka tambaya. Rubuta musu lambar kayan, ka nemi hoto mai girma na gaba da baya, ka tambaya kai tsaye: akwai gyara? an rage gefen ambulan? wasiƙar tana ciki? Gidan kirki zai amsa. In da hali ka je ranar duba kaya ko ka wakilta wani, don cinikin biri a sama ba ya yi wa kowa daɗi.

Kayan Jamus na zamanin Nazi suna da wata ƙura ta daban. Dokar Jamus ta taƙaita baje alamominsu, sai don ilimi da bincike, shi ya sa kundin gwanjon can yake ɗauke da gargaɗi, wasu kasuwannin intanet kuma suna da nasu ƙa'idojin. Ka bincika dokar inda kake kafin ka yi oda.

Lissafi kafin zuciya ta hau

Kuɗin da guduma ta sauka a kai ba shi za ka biya ba. La'ada a yawancin gidajen tana kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye. A ƙaddara kaya ya fita a fam 800, la'ada kashi 22: fam 176 ke nan. In akwai harajin kashi 20 a kan la'adar, ƙara fam 35. Sa fam 25 na aikawa da inshora. Ka tashi a fam 1,036, ban da kuɗin banki, da canjin kuɗi, da abin da kwastan za su nema, da ladan masana in za ka kai musu. Saboda haka ake yin lissafin daga baya: in fam 1,000 ne iyakarka, tayinka na ƙarshe bai wuce 770 ba. Rubuta wannan lamba da biro a gefen kundi tun daren jajibiri.

Ranar gwanjo

Yi rajista kwana biyu ko uku kafin lokaci. Sabon mai saye akan nemi ya kawo shaidar ko shi wane ne, wani lokaci da ajiya. Hanyar tayi uku ce: ka aika a rubuce, ka shiga kai tsaye ta intanet ko waya, ko ka zauna a zauren.

Ga sabon shiga, tayin rubuce ya fi. Kana ba su iyakarka, su kuma su saya maka a mataki ɗaya sama da wanda ke biye da kai. In ka rubuta 770, na biye ya tsaya a 500, kaya naka ne a ɗan sama da 500. Gidaje da yawa suna karɓar tayin "wannan ko wancan", da kuma jimlar da ba za a wuce ba, don haka kana iya taya kaya goma ba tare da fargabar su faɗo maka duka ba. Ka kuma daidaita lambarka da matakan da gidan yake hawa da su. In tayi biyu suka zo daidai, wanda ya riga isa shi ke ɗauka, saboda haka kada ka yi jinkiri.

Tayin kai tsaye yana da daɗi kuma yana da haɗari. Kaya ɗaya ba ya ɗaukar minti guda. Allo yana ƙyaftawa, wani da ba ka gani yana ɗagawa, zuciya na ce maka saura mataki ɗaya. Wannan mataki ɗaya shi ke zama biyar. In an wuce lambar da ka rubuta, ɗauke hannu daga kan linzamin kwamfuta. Ban da 'yan ƙalilan, duk abin da ya wuce ka yau ɗan'uwansa zai sake fitowa. Bayan an tashi kuma ka leƙa jerin abin da bai samu mai saye ba. Gidajen Jamus musamman sukan bar su a kasuwa na wasu makonni a kan farashin farawa ko ƙasa kaɗan, babu mai ja da kai.

Bayan kaya ya iso

Buɗe shi a ranar, a kan tebur mai tsabta, ka kwatanta da bayanin kundi kalma-kalma, don kwanakin ƙorafi kaɗan ne. Ɗauki hoton gaba da baya. In zai tafi wurin masana, ya tafi a makon.

Kada ka gyara komai. Kada ka jiƙa ambulan don cire kan sarki, kada ka goge rubutun fensir na asali, kada ka kusanto da salatif, wanda ke barin tabon da ba ya fita. Garin neman gira ake rasa ido. Takardar zamanin yaƙi ba ta da ƙwari, an yi ta ne cikin ƙarancin kaya, tana saurin ja da karyewa. Sa kowace a leda ta musamman ta adana takardu, ta foliyesta, ba irin mai taushi da wari ba wadda ke narkar da tawada. Ajiye kundin a tsaye kamar littafi, nesa da rana, nesa da bango mai laima, ka kuma buɗe shi lokaci-lokaci ya sha iska. Ɗigon ruwan ƙasa a takarda alamar fumfuna ce. Ware wannan daga sauran.

Sannan ka buɗe wa kowane kaya shafi: gidan da ka saya, rana, lambar kaya, abin da ka biya gaba ɗaya, lambar takardar shaida, da abin da ka gano game da hatimi da hanya. Ajiye rasit da shafin kundin gwanjo tare da shi. In wasiƙa tana ciki, ka bar ta a cikin ambulanta, ka kwafe abin da ta ce a shafin. Wasu za ka tarar an soke adireshinsu, an rubuta a gefe cewa mai ita ya ɓace ko ya faɗi a fagen daga, an mayar wa wanda ya aiko. Irin waɗannan nakan rubuta sunan sojan da lambar rundunarsa a saman shafin, kafin farashi.